Ledar da na tarar a ƙarƙashin angarib

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Tun jiya zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na ce bari in faɗa muku.

Da muka dawo garinmu Wad Madani da ke Sudan bayan sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025, mun tarar an yashe gidanmu, firij da keken ɗinki har da tukwane. Sai jiya ina sharar ɗakin baya na ja tsohon angarib, wato gadon igiya, na ga wata leda ta sha ƙura. Ulu ne shuɗi, da kwarashi soke a jiki, da rigar sanyi ta jariri. Gaba da baya na gama su, hannu ɗaya ko rabi bai kai ba. An kwashe abin da yake nawa, an bar mini hakkin mutane.

Ulun maƙwabciyata ne. Tana da cikin wata 7 ta kawo shi, har da rabin kuɗin aiki. Na yi kuskure a lissafin wuya, na ga sai na warware da yawa, daga nan raina ya fita daga saƙar. Aka yi suna ban gama ba. Yaro ya yi zama, ya yi rarrafe, ya miƙe da ƙafarsa, riga tana leda. Duk ranar da muka zauna shan jabana, wato gahawa, ta ce, "Yaya, ina labarin rigarmu?" sai in ce, "Saura kaɗan, Juma'a in sha Allahu." Wallahi na san babu Juma'ar da zan gama. Sunan Allah na riƙa sawa ina rufe kunyata. A Disamban 2023 da yaƙi ya shigo garin, kowa ya yi ta kansa, mu muka nufi Gadarif, kuma har yau lambarta ba ta shiga.

Ke da kike karantawa, leda nawa ce a ɗakinki? Tagiyar da kika ce za ki saƙa wa Baba ya sa ranar Idi, Idi nawa aka yi? Safar jikar da yanzu ta shiga makarantar allo fa? Mayafin gadon amaryar da ta riga ta yi haihuwa biyu? Kin karɓi zare, kin karɓi kuɗi, in kin hango mai kaya a kasuwa sai ki sauya hanya. Haba 'yar uwa! Wannan ba haƙuri ba ne, girman kai ne ya hana mu cewa "na kasa".

Na san wata za ta kawo mini ayar Suratun Nahli, wadda ta hana mu zama kamar matar da ke warware zarenta bayan ta tufka shi da ƙarfi. Ayar nan a kan warware alkawari take magana. Wadda ta danne ulun mutane shekara da shekaru tana cewa saura kaɗan, ita ce mai warwarewar, ko da ba ta zare ƙulli ɗaya ba. In ma rantsuwa kika yi cewa sai kin gama, ai akwai kaffara: ki ciyar da miskinai 10 ko ki tufatar da su, in ba hali ki yi azumin kwana 3.

Ba ina cewa duk saƙar da ta yi wuya a yar da ita ba. Wadda za ki iya, ki zauna ki gama. Amma in wanda aka yi wa ya fi ƙarfin rigar, ko irin zaren ya ƙare a kasuwa, ko idonki ya daina ganin ƙulli, ko kuma duk sanda kika ga ledar ƙirjinki ya yi nauyi, to lokaci ya yi. Ki mayar wa mai shi da kuɗinsa, ki ce ta yafe miki. In naki ne, ki warware, ki jiƙa ulun a ruwan ɗumi ki shanya ya miƙe, ki naɗe ki ba yarinyar da ke koyo. Marayu nawa ne a unguwanninmu ke kwana babu hula in sanyin Janairu ya sauko?

Ni tawa na wanke ta, na sa kuɗin a ciki na ɗaure, ina jira. Ya Allah Ka haɗa ni da baiwar nan taKa tun muna raye.

Don Allah ku duba ledojinku yau. Ke da mai kayanki ke kusa, kina ganinta, ki tashi ki kai mata tun kafin Magariba.