Wasiyyar da na bari a kan gadar Lekki

Hutu muka shirya zuwa Legas, ni da uwargida mu biyu kawai. Muka kwashi yara muka kai wa kakarsu Hajiya da jakunkunansu da maganin tarin auta, ta karɓe su tana mita wai ita ba ta taɓa jin inda miji da mata za su tsallake 'ya'ya su tafi shan iska ba. Daren Juma'a mun sauka Ikeja. Muna kan gadar Third Mainland ina ta zuba wa uwargida bayani, cewa tsawonta ya kusa kilomita 12, a 1990 aka buɗe ta zamanin Babangida. Ta ce "to". Idonta na kan waya tana tambayar ko auta ya yi barci. Hutun ba yara kenan.

Zuwa gandun dajin Lekki ranar Asabar shawarar ƙanin uwargida ce.  Tun da ya yi bautar ƙasa a Legas ba a isa a ambaci garin ba sai ya gyara wa mutum suna. Shi ya ce in muka dawo ba mu hau gadar sama ba, wato wadda aka rataye a saman bishiyoyin gandun, to ba mu je Legas ba, kuma wai "abu ne mai sauƙi, Yaya, tafiya ce kawai". Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Wurin dai ba laifi. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ce ta kafa shi a 1990, hekta 78 na daji da fadama a tsakiyar gine-ginen Lekki, ana bi ta kan hanyar katako, birai na ta tsalle a kan mutane ba ko kunya. Sai muka iso gindin gadar. Mita 401, an ce babu mai tsawonta a Afirka, inda ta fi tashi sama kuma mita 22.5. Na ɗaga kai na duba, na ce wa uwargida in tana jin tsoro ta zauna a ƙasa ta jira ni, ba abin kunya ba ne ga mace. Har da dafa mata kafaɗa. Da bakina na faɗa, a gaban mutane.

Ta gyara mayafi ta wuce gaba.

Abin da ba a gani daga ƙasa shi ne gadar ba ta tsaya wuri ɗaya. Faɗinta daidai tafin ƙafa biyu, raga ta dama raga ta hagu, duk a rataye da igiyoyin ƙarfe daga wannan hasumiya zuwa waccan, kuma duk wanda ya taka a bayanka sai ka ji takunsa a cikin hanjinka. Zangon farko na daure. Na biyu na fara karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Da muka kai inda kan bishiyoyi ya koma ƙasa da ƙafata, iskar teku ta kaɗo, gadar ta yi dama ta yi hagu, sai gwiwoyina suka ce iyakarsu nan. Na durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi, hannu biyu a raga, ido a rufe. Komawa baya ba hali, don mutane sun jeru a bayana, ciki har da 'yan matan wata sakandare da kayan makaranta, suna ta ƙus-ƙus suna danne dariya. Na baro nawa yaran a gida don in huta, ga na wasu an kawo mini.

Uwargida kuwa tuni ta kai hasumiya ta gaba, ta jingina tana ɗaukar hoto. Ta ɗaga murya ta ce, "Yallaɓai, ko in dawo in riƙe maka hannu? Ba abin kunya ba ne ga namiji."

A lokacin ban ji zafin maganar ba, don ni na riga na sallama. Na ce mata, da Hausa, da ƙarfi, tunda a tunanina babu mai ji a wurin sai ita: ta yafe mini, ta riƙe yara amana, bashin makanike ta biya shi, takardun fili kuma suna ƙarƙashin akwatin littattafaina cikin baƙar leda.

Shiru. Sai na ji ta ce, "Wane fili?"

Kafin in nemo amsa, wata murya a bayana ta ce, da Hausa tsantsa wadda ta fi tawa daɗi, "Ɗana, tashi ka ba ta amsa a ƙasa, nan ba a mutuwa." Na buɗe ido ɗaya. Wata dattijuwa ce Bayarabiya, ta kusa sa'ar Hajiya, da ƙaton ɗaurin ɗankwali da jaka a hammata, ko ragar ba ta riƙe ba. Ashe a arewa ta girma. Ni dai har gobe ina jin haushin matar nan. Da ta tsaya a kan lallashi da na gode mata. Amma sai ta juya ta fassara wa 'yan makarantar duk abin da na faɗa, dalla-dalla, har baƙar ledar, na ji kalmar "nylon" da kunnena. Wa ya aike ta? Sannan ta kama ni ta bayan riga ta miƙar da ni, ta ce in kalli ƙeyar matata kada in kalli ƙasa, tana tura ni tana ƙirga mini taku, 'yan matan suna amsawa. Ga ta da ƙarfi kuma. Duk inda na tsaya sai ta ce, "Haba maigida, mai fili guda!" Da muka isa hasumiyar aka yi mini tafi. Wani Bature da kyamara har da jinjina.

Ina zaune ina mayar da numfashi sai na ji muryar auta daga wayar uwargida: "Umma, me Abba ya yar yake nema a ƙasa?" Ashe tun ina durƙushe ta kira gida ta bidiyo don yara su ga bishiyoyi. Daga can baya na jiyo Hajiya tana cewa a matso mata da wayar ta gani, wai wancan nata ne?

Sauran zangon ban san yadda na gama shi ba. Teku da aka ce za mu je da yamma ba a je ba, an zauna a ɗakin otal ana bitar tarihin fili: yaushe, a ina, da wane kuɗi, kuma don wa. Na ce ai mamaki na so in ba ta. Ta ce ta gode, ta yi mamakin.

Shi kuwa ƙanin nata, da muka dawo na tsare shi na tambaye shi yadda ya ji a wurin da gadar ta fi tsayi. Ya sosa ƙeya ya ce ai shi ranar da suka je an yi ruwa, a ƙasa ya tsaya yana riƙe wa abokai jakunkuna. Yanzu kuma bidiyon yana wayarsa. Takardun filin sun bar ƙarƙashin akwati, ban tambayi inda suka koma ba tukuna.