Iya tsayuwa a gasa ba shi ne lafiyar kare ba

Wani labari da na karanta ya ce wai gasar nuna karnuka ita ke kare nagartar iri, ni dai ban gamsu ba. Eh alƙali yana duba haƙora, ya shafa kafaɗa da gadon baya, ya sa a zagaya da karen ya ga tafiyarshi, amma tsayuwar nan da ake koya mashi tun yana kwikwiyo ai dabara ce, mai riƙon igiya ke ɗaga ƙafar ya aje inda yake so, yana nuna mashi guntun hanta don ya miƙe wuya, sai aibun ya ɓuya. Ku dubi karen Jamus irin na 'yan sanda, a gasa ja mashi ƙafa ɗaya ake can baya har ƙugu ya zube, masu kiwo suka yi ta bin wannan siffa har wasu na tafiya suna tangaɗi, shi ko bulldog hanci ya shige ciki numfashi da ƙyar. Gasar Crufts ta Ingila tun 1891 ake yinta, amma a 2008 BBC da kanta ta fallasa cututtukan nan ta daina nuna ta. Mai cewa kuma wai sharholiyar masu kuɗi ce kawai, a'a akwai amfani, ana rubuta asalin kowane kare. Amma 'yan farautarmu na Daura da ke fita daji da rani, wa ya damu da yadda karensu ke tsayuwa in dai yana kamo zomo?