Ku daina kiran jirgin nan abin wasan yara

Kun dai ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyon ƙaramin jirgin ƙasan nan na Ruislip da na saka, ba sai na maimaita duka ba. Wani ya ce tsofaffi ne suka rasa aikin yi. Wani ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne wanda ya rubuta wai 'ya'yan dattijon da ke tuƙin su zo su ɗauke shi su kai shi gida, ya ishe su abin kunya. Mutane kuma suka yi ta danna masa alamar dariya. Haba jama'a! Mutum da furfurarsa ya fito tun da sassafe, ba wanda zai biya shi ko kwabo, ya ɗauki 'ya'yan mutane ya zaga da su ya dawo da su lafiya, sannan kai da kake kwance da waya a hannu ka ce shi ne abin kunya?

To ni ga matsayata, kuma ba zan sassauta ba: jirgin ƙarami ne, aikin da ke bayansa kuwa aikin jirgin ƙasa ne cikakke. Wanda bai fahimci wannan ba, bai san komai game da layin dogo ba, ya fi masa alheri ya yi shiru.

Layin nan yana yammacin Landan, a gefen wani tafki da aka haƙa tun 1811 don ya riƙa ba wata hanyar ruwa ta jiragen dako ruwa. A 1945 kamfanin da ke da hanyar ruwan ya shimfiɗa ɗan dogo mai faɗin inci 12 a bakin tafkin domin masu zuwa shaƙatawa. Inci 12 kacal tsakanin ƙarfe da ƙarfe, alhali na babban jirgi a Ingila ya haura inci 56. Daga baya wurin ya koma hannun ƙaramar hukuma. Kun san yadda abin hukuma yake idan ba ya cikin abubuwan da ake tsoron a yi surutu a kansu. A 1978 aka yi hatsari, mutane suka ji rauni, aka rufe layin.

Ku tsaya nan ku yi tunani, masu cewa wasa ne. Abin wasa yana raunata mutane har a rufe shi? Tarago cike da mutane idan ya goce daga kan dogo, ƙashin da zai karye ba ya tambayar inci nawa ne faɗin layin.

Da an bar shi a nan, da tuni ciyawa ta cinye shi, an kwashe ƙarafan an sayar. Sai wasu mutanen gari, waɗanda ba su da wani muƙami, suka haɗu a 1979 suka kafa ƙungiya, suka ce a ba su. A 1980 jirgin ya sake tashi a hannunsu. Daga wannan shekara zuwa yau su ne suke riƙe da shi. Sama da shekara arba'in ke nan. Ba ma riƙewa kawai suka yi ba, ƙara masa tsawo suka yi ta yi, kashi-kashi, daga tashar Woody Bay ta cikin daji har Haste Hill, har suka kai shi ɗaya gefen tafkin inda tashar Willow Lawn take a yanzu. Tsawonsa ya kai kusan mil guda, kuma babu layi mai wannan faɗin da ya kai shi tsawo a duk Birtaniya. Akwai wani kan jirgi mai aiki da tururi da suke kira Mad Bess, sunan wani daji ne da ke kusa da wurin. Ba saye suka yi ba. Da hannunsu suka ƙera shi a ɗakin gyaransu, suka shafe sama da shekara goma a kai, aka gama a 1998.

Shekara goma da ɗoriya kan inji guda, a ranakun hutu, bayan an taso daga aiki. Kai da ka kira su marasa aikin yi, wane abu ka taɓa nacewa a kansa na wata goma?

Abin da ya sa nake jin zafin maganar nan shi ne, abin da ake gani a bidiyo shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin. An ga jirgi yana tafiya, yara suna ɗaga hannu, an ɗauka shi ke nan. Ba a ga wanda ya taka layin da ƙafa tun daga farko har ƙarshe kafin jirgin farko ya fita ba, yana duba ko reshen itace ya faɗo, ko wani ya ɗora dutse, ko noti ya kwance. Ba a ga masu cire ruɓaɓɓen katakon da ke ƙarƙashin dogo su sa sabo ba, da masu tura baro cike da tsakuwa su zuba su danna, don idan tsakuwar ta zaizaye dogon zai lotsa ta gefe guda. Ƙarfe yana miƙewa idan rana ta yi zafi, dole a bar masa 'yar tazara a mahaɗa, in ba haka ba ya lanƙwashe. Idan ganye ya zubo a kan layin ya jiƙe, ƙafar jirgi santsi take yi, birki ya ƙi kamawa yadda ya kamata. Duk wannan matsalar babban jirgi ce, kuma ita ce dai matsalar ƙarami. Ba a rage masa ko ɗaya ba saboda ƙanƙantarsa.

Sai kuma tukunyar tururin. Ita ce abin da na fi so masu dariya su ji. Wuta ce ta gaske a ciki, ruwa ne na gaske a kulle cikin ƙarfe, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba saboda matsi. Direba yana tuƙi, idonsa ɗaya a kan hanya, ɗaya a kan ɗan gilashin da ke nuna masa inda ruwa ya tsaya. Idan ya yi sakaci ruwan ya sauka ƙasa da rufin murhun, ƙarfen zai yi laushi, kuma abin da zai biyo baya ba a fatan gani. Shi ya sa a Birtaniya ba a barin a ɗauki jama'a da irin wannan inji sai an gwada tukunyarsa an ba da takardar shaida. Ana cika ta da ruwa a matsa shi fiye da yadda take aiki a kullum, a duba ko za ta yi yoyo, sannan a hura wuta a tabbatar bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa yana buɗewa a kan lokaci. Takardar tana ƙarewa, a sake gwaji. Ba takarda, ba inshora. Ba inshora, ba fasinja. Wane abin wasan yara ne ake yi wa haka?

Kuma ba wai kana zuwa yau gobe a miƙa maka jirgi ba. A irin waɗannan ƙungiyoyi sabon shiga daga ƙasa yake farawa: shara, fenti, sayar da tikiti, tsayawa a tasha yana rufe wa mutane ƙofa. Sai ya koyi aikin mai lura da taragai, wanda shi ke ba da izinin tashi. Sai an ga hankalinsa, ya san dokokin layin, an jarraba shi, kafin ya zauna a kujerar direba. A layin da hanya ɗaya ce jirage ke bi, ba ka shiga sai da izini, ko ta rediyo daga mai kula da zirga-zirga, ko a damƙa maka wata 'yar sanda da ke nuna cewa kai kaɗai ne a wannan sashe. Wannan tsari ne da manyan jiragen ƙasa suka yi amfani da shi tun ƙarni na 19 don kada biyu su yi karo. Dattijon nan da kuka yi wa dariya, akwai dokoki a kansa da yake bi kamar ma'aikacin da ake biya, bambancin kawai shi ba a biyansa.

Na san me za a ce. Za a ce ai abin masu kuɗi ne. To, asalinsa haka ne, ban musa ba. Sir Arthur Heywood da ya fara shimfiɗa layi mai inci 15 a gidansa na Duffield Bank a 1874 mai hali ne. Layin Eaton Hall na 1896 don wani basarake aka gina shi. Layin Romney, Hythe da Dymchurch da aka buɗe a 1927 a gaɓar tekun Kent, wasu attajirai biyu masu tseren mota ne suka yi mafarkinsa, Kyaftin Howey da Louis Zborowski, shi na biyun ma bai ga buɗewarsa ba, ya mutu a tseren Monza a 1924. Duk gaskiya ne. Amma sai me? Masu kuɗin sun gina, sun mutu, magada da kamfanoni sun ga ba riba sun juya baya. Su wa suka tsaya? A Ravenglass da ke arewacin Ingila, a 1960 gwanjon layin aka yi, masu ƙaunarsa suka haɗa kuɗi, wasu masu hali biyu suka cika musu, suka saye shi don kada a wargaza. Layin Rhyl da ke Wales, wanda aka buɗe a 1911, yau 'yan sa kai ne ke tafiyar da shi. Ginawa ai da kuɗi ake yi, kowa ya sani. Riƙewa shekara da shekaru kuwa sai da mutanen da za su fito ranar da ake ruwa, ranar da ba kowa a tasha.

Kuma wannan hali yana da tarihi. A Wales aka fara, da layin Talyllyn, wanda ya ɗan fi waɗannan girma, an gina shi a 1865 don ɗauko duwatsun rufi daga mahaƙa. Mai shi ya rasu a 1950, layin ya gama lalacewa. Wani marubuci mai suna Tom Rolt da abokansa suka kira taro a Birmingham, suka kafa ƙungiya, a watan Mayun 1951 suka fitar da jirginsu na farko. Shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto suka ci gaba da gudanarwa. A lokacin ma an yi musu kallon mahaukata. Raina kama ka ga gayya, ga shi yau an haura shekara saba'in jirgin yana hawa yana sauka.

Wani kuma ya ce min, to me ya amfana wa jama'a? Wannan tambaya ba ta cancanci dogon bayani ba. Layin Romney ɗin nan, mil goma sha uku da rabi ne tsawonsa. A yaƙin duniya na biyu sojoji sun karɓe shi, har jirgi mai sulke suka ɗora a kai. Daga 1977 har 2015 yana kai yara makaranta yana dawo da su. A 2003 da kuma 2005 direbobinsa biyu sun rasa rayukansu a karo da mota a mahaɗar titi da dogo. Mutane sun mutu a bakin wannan aiki, ku kuna kiransa wasa. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya sa mai kunya ya goge abin da ya rubuta.

Masu cewa da sun ba mabuƙata wannan lokaci da ƙarfi, ku kuma ba ni da lokacinku. Ba ku san me suke yi a sauran kwanakinsu ba, kuma ban ga ku kun ba kowa naku lokacin ba.

Ni abin da yake taɓa min zuciya, da gaske nake faɗa, shi ne matasan da ake gani a cikinsu. Yaro ɗan shekara goma sha shida ya tsaya kusa da tsohon makanike da ya yi ritaya, yana kallon yadda ake auna ƙarfe, yadda ake walda, yadda ake sauraron ƙarar inji a gane inda ciwonsa yake. Tsohon ba ya zaune shi kaɗai a ɗaki yana jiran mutuwa, yaron kuma yana karɓar sana'ar da da ta tafi kabari tare da mai ita. An daina amfani da injin tururi a manyan layukan Birtaniya tun 1968. Waɗanda suka yi aiki da shi a matsayin sana'a sun kusa ƙarewa. Idan yau akwai ɗan shekara ashirin da ya iya hura wutar jirgi ya tayar da tururi, a irin waɗannan wurare ya koya, daga hannun irin dattijon da kuka ce a kai shi gida.

Don haka a daina. Idan abin bai burge ka ba, ka wuce, ba dole. Amma kada ka ga mutum yana aikin da ka kasa ka kira shi yaro.

Af, tunda an taɓo wuta, akwai abin da ya fi damuna game da waɗannan layuka fiye da masu baƙar magana, shi ne kwal. Mahaƙar Ffos-y-fran da ke kudancin Wales, wadda layukan tururi da yawa suka dogara da ita, an rufe ta a watan Nuwamban 2023. Ba kowane kwal ne ke yi wa waɗannan injina ba. Wani yana hayaƙi ya dami maƙwabta, wani yana narkewa ya toshe ƙarafan murhu, kuma ƙaramin murhu ya fi babba tsirfa. Yanzu ko dai a shigo da shi daga ƙasashe masu nisa da tsada, ko a nemo madadi. Layin Bure Valley da ke Norfolk, shi ma mai inci 15, ya yi gwajin wani curarren makamashi da aka haɗa da niƙaƙƙen ƙwallon zaitun. Ƙwallon zaitun fa, a cikin murhun jirgin ƙasa! Idan a cikinku akwai wanda ya karanci harkar makamashi, don Allah ya zo ya yi min bayanin yadda ake cura shi har ya riƙe wuta bai wargaje ba idan tururi ya ja iska da ƙarfi ta cikin murhun.