Mitar Mota Ma Mudu Ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Bara bayan kaka, wani maƙwabcina ya kai shanun nomansa biyu kasuwar Maigatari ya sayar, ya haɗa da kuɗin riɗinsa, ya shiga Kano ya sayo Sharon don ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Gumel da Haɗeja. Dillali ya nuna masa mita, wato agogon da ke ƙirga tafiyar da mota ta yi, kilomita 96,000, ya ce, "Alhaji, wallahi motar nan ba ta sha wuya ba." Ko wata uku ba a yi ba injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Da bakanike ya ɗaga bonet, sai ga wata 'yar takarda manne, ta ranar da aka yi wa motar juyen mai a Turai: kilomita 281,000. Ashe an mayar da mitar baya ne. Ya nuna masa robar wurin taka birki ta suɗe har ƙarfe ya bayyana, sitiyari ya yi santsi kamar taɓaryar da ta shekara ashirin a hannu. Ina tsaye a wurin. Bawan Allah bai ce komai ba sai "Innalillahi".

A da sai an kwance mitar an juya lambobin da hannu. Yanzu na'ura ake jonawa a ƙasan sitiyari, kafin shayi ya huce an share wa mota rabin shekarunta. Sauƙin aikin ne ya sa zukata suka daina jin nauyinsa, har ana kiransa "gyaran mita". Wane gyara?

Mu mutanen karkara mun san wannan ha'incin tun kafin zuwan mota. Mutum ya ƙi tatsar akuyarsa kwana biyu ko uku don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Manzon Allah (SAW) ya hana haka, ya kuma bai wa mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. To idan an hana a kan nonon akuya, ina ga motar da za ta ɗauki rayukan mutane? Wanda ya yarda da mitar ƙarya ba zai canja bel ɗin injin da sauran kayan da lokacinsu ya wuce ba, sai su yanke masa a tsakiyar titi, ga mata da yara a baya. Shi ya fi tsaya mini a rai.

A hadisin Hakim bin Hizam, Annabi (SAW) ya ce idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa wa cinikinsu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe ta. Ɗan'uwa mai jona na'ura, kada ka ce kai aiki aka ba ka. Malam dillali da ka sani ka yi rantsuwa, la'adar nan da ita za ka ciyar da 'ya'yanka?

Wanda ya taɓa yi, bayan istigfari akwai haƙƙin mutum a wuyansa. Lambar wanda ka sayar wa tana nan a wayarka. Ka kira shi ka faɗa masa ainihin tafiyar motar, ku daidaita a kan abin da ka ci masa.

Maƙwabcin nawa kuwa, bana hayar shanu ya yi ya yi huɗa. Motar tana nan ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidansa, yana tara kuɗin injin.