Ka zana taswirar kuwa?

To, ashe haka abin ya koma. Mutum ya yi awa biyu da gem ɗin bidiyon nan, Etrian Odyssey II, wata dabba ta tattake masa 'yan wasansa biyar a hawa na biyu, sai ya taso ya yi mana doguwar huɗuba wai gem ɗin kwafin na farko ne, kada kowa ya ɓata lokacinsa. Ba sai na ambaci suna ba. Har da masu tafa masa. Sannu da ƙoƙari, malam masani!

Tambaya ɗaya na yi masa: ka zana taswirarka? Ya ce wai shi ba ɗan makaranta ba ne da zai zauna yana zane. Shi ke nan, magana ta ƙare. Wanda bai zana taswira ba bai buga wannan gem ɗin ba, yawo kawai ya yi a cikin daji har ajali ya same shi.

Dalilin da ya sa kamfanin Atlus suka yi shi a kan Nintendo DS, na'urar wasan nan ta hannu, ke nan tun farko. Allo biyu ne. Na sama yana nuna maka abin da ke gabanka, na ƙasa fili ne mai layi-layi, ka ɗauki ɗan tsinken rubutu ka ja bango da hannunka, ka sa alamar ƙofa, ka rubuta cewa nan akwai tarko. Taswirar ita ce wasan. Faɗa da dodanni rakiya ce kawai. Ka bar allon ƙasa fari fat sannan ka ce gem ya cuce ka?

Wai kwafi ne. Na farko ya fito a 2007, na biyu a 2008, saboda haka wai sauri aka yi. A na farko gangarawa kake yi ƙasa, a wannan kuwa hawa kake yi sama cikin bishiyar da ke garin Lagaard, kana neman wata fada da aka ce tana shawagi a sararin sama. A cikin 'yan wasan da za ka zaɓa an ƙaro mai bindiga, an ƙaro mai haɗa magani da takobi, an ƙaro dabba da za ta tsaya a gaba ta sha duka a madadin 'yan uwanta. Alamomin taswira sun ƙaru, har kana iya matsawa gefe ba tare da ka juya ba. Amma ta yaya zai lura da ƙarin alamomi, shi da bai taɓa ko ɗaya ba?

Sai kukan da ya fi yi, wai manyan dodannin nan da ake kira FOE ko ka kashe su ba a ba ka makin ƙarin ƙarfi. Gaskiya ne, a na DS ba a bayarwa. To sai me? Ai abin da ake gaya maka ke nan: ba don ka yi dambe da su aka ajiye su ba. Kana ganinsu a kan taswira, ka taka sau ɗaya su taka sau ɗaya. Ka tsaya ka ƙirga. Wannan yana zagaye huɗu ya dawo, wancan ba ya motsi sai ka shiga layinsa. Ka rubuta, ka raɓa ta gefe ka wuce. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho.

Kuma kar a ce ina kare shi ido rufe. Ni ma ya ba ni haushi. Kuregen nan da ke fitowa a daji, ka miƙa masa hannu don tausayi, ya wafce zaren da ke mayar da kai gari ya ruga. Ranar da ya yi min, mai maganin da ke cikin 'yan wasana ƙarfinsa ya ƙare, biyu sun faɗi, kuma ban sayi zare na biyu ba. Wallahi sai da tafin hannuna ya jiƙe. Abin da ya fitar da ni taswirar da na zana ce. Akwai wata ƙaramar hanya da na gano a jikin bango na sa mata kibiya, ita na bi, taki ɗaya-ɗaya, har matakala. Da na ga gari sai na ajiye na'urar na yi ajiyar zuciya. Ban san wani gem da ya taɓa sa na ji cewa hannuna ne ya cece ni kamar wannan ba. Shi ya sa maganar ta yi min zafi.

Babu labari mai yawa? Haka ne, kai ke raɗa wa mutanenka suna, kai ke ba su labari. Mai son a yi masa tatsuniya ga wanda aka sake yi a na'urar Nintendo 3DS, Etrian Odyssey 2 Untold, da jarumai shiryayyu. Wahala ta yi yawa? A 2023 an fito da guda ukun farko a na'urar Nintendo Switch da kwamfuta, har da zaɓin sauƙaƙawa. Je ka can, ba wanda zai yi maka dariya. Amma ko a can ɗin, ka zana taswirarka.

Hawa talatin ne gaba ɗaya. Kai ka tsaya a na biyu, ka yanke wa sauran 28 hukunci.

Af, tunda ana maganar, wa ya san inda tsinken DS yake tafiya? Na uku ke nan nake nema. Jiya da murfin biro na ƙarasa hawa na sha ɗaya, kiɗan gem ɗin na Yuzo Koshiro na tashi a kunnena, ni kuma ina ta fargabar kada na karce allon. Mai guda biyu ya yi min magana ta akwatin saƙo.