Mako biyu ba ya isa a koya wa yaro karatu

'Yar ƙanwata, ɗaliba a Jami'ar Ahmadu Bello, ta same ni gida a Tudun Wada cike da murna. Ita da ƙawayenta za su fita ƙasar waje aikin sa-kai a makarantun firamare, na mako biyu. "Kawu, a sa mana albarka," in ji ta. Na sa, amma sai da na faɗa mata abin da ke raina.

Na taɓa ganin irin wannan ziyara da idona lokacin da nake koyarwa. Baƙi suka zo da kyakkyawar niyya, suka yi wa aji biyu fenti, suka raba littattafai. Wata yarinya 'yar aji uku ta riƙe gefen rigar ɗaya daga cikinsu har bakin mota, tana kuka. Bayan wata guda littattafan suna kulle a kabad ɗin hedimasta, domin babu wanda ya zauna da malaman ya ji yadda za su shiga darasinsu. Yarinyar kuwa har lokacin ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba.

Ba tafiyar nake ƙi ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Gajartarta ce ke damuna. Shirin tura ƙwararru da Najeriya ta kafa a 1987 domin taimaka wa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik shekara biyu yake ba mutum. Turawan Ingila da Amurka da suka koyar a makarantun Arewa bayan samun 'yancin kai su ma sun daɗe, har wasunsu suka ji Hausa. Sai an zauna ake sanin wane yaro ne ba ya ganin allo daga baya, wane ne yake zuwa bai karya ba.

Ga kuma harshe. Me zai hana ɗalibanmu su duba Maraɗi ko Damagaram, inda yaro zai yi tambaya da Hausa a ba shi amsa da Hausa?

Na ce mata idan sun isa, su tambayi malamin aji abin da yake buƙata kafin su buɗe jaka, su zauna ƙarƙashinsa a matsayin mataimaka. Kafin ranar tafiya kuma, akwai firamare kusa da ƙofar jami'a a Samaru. Ta yi alkawarin za ta riƙa zuwa duk Laraba har ƙarshen zango.