Dorinar Binuwai ma tana da labari

Daren jiya an ɗauke wuta a unguwarmu nan Garwa ta Kamaru, zafi ya hana barci, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na karanta babi tara na wani labari a waya har caji ya kusa ƙarewa. 'Yar maƙwabcina ce ta rubuta shi, bana take ajin ƙarshe a lise, wato sakandare. Labarin wata 'yar masunta ce da dorina ta haɗiye a ƙarƙashin gadar Binuwai, ta farka a birnin 'yan ruwa, inda ake cin kasuwa da mafarki maimakon kuɗi. Wanda ya sayar da mafarkinsa ya auni gero, to daren nan sai ya kwana bai ga komai ba. Wallahi da na zo nan sai da na tashi zaune.

Da safe na tare ta a ƙofar gida. Na ce, "'Yata, nawa kike sayar da wannan abu?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, sefa 500 ne ta Orange Money, amma kai ka bar shi." Da na matsa, sai ta faɗa mini cewa guruf ɗinta na WhatsApp ya cika maƙil da masu karanta shafukan ɗanɗano, amma waɗanda suka biya ba su kai yatsun hannu biyu ba. Ɗaya daga cikinsu ma ta kwashe littafin ta watsa kyauta, har ana yi mata addu'ar Allah ya saka da alheri. Da alherin wa?

Abin da ke cina ke nan. Muna son labaran aljanu da mayaƙa da takobin tsafi, amma mun ɗauka daga sama suke faɗowa. Kuɗin da muke zubawa a data don kallon fassarar fim ɗin Indiya a mako guda ya isa ya sayi littafin yarinyar nan har sau uku. In marubuciyar Kano ce ta ba da lambar asusunta na naira, za ka ga mutum ya taka har kasuwa wurin ɗan canji don a tura mata. Ta gida kuwa, sai "turo mini cikakke, ai mu 'yan'uwa ne."

Akwai masu cewa wannan duk ƙarya ce, ɓata lokaci. Ƙarya ce mana, ai ba a ce wahayi ba ne. Kakanninmu da "ga ta nan ga ta nanku" suka raine mu, ba wanda ya fita neman Gizo a bayan gari. Kuma ƙagaggen labarin Hausa na boko da irin wannan ya buɗe ido. Gasar rubutu da Bature Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja, lokacin Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, malamin makaranta a Katsina, sabon shiga ne shi ma. A gasar nan aka samu Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya yi ta hulɗa da aljanu. Da ba a samu wanda ya karanta, ya gyara, ya buga ba, da wa ya san su?

Ba zan ɓoye laifin yaran ba. Yawancinsu da Faransanci suka yi boko, Fillanci suke ji a kasuwa, don haka za ka ga "tchikin" a wurin "cikin", "kouma" a wurin "kuma", ba ƙugiya a ƙ ko ɗ. Wannan gyaran yamma ɗaya ne in an samu mai haƙuri. Wanda ya fi damuna shi ne masu gudu su kai labarinsu birnin Sin ko Misra, su raɗa wa sarki sunan da harshe ba ya iya juyawa. Ga duwatsun Rumsiki tsaye kamar an dasa su, da mai duba da ƙaguwa a gindinsu. Ga haƙorin dutsen Mindif kusa da Marwa. Ga mutanen Sao na bakin tafkin Chadi, waɗanda 'yan ƙabilar Kotoko ke cewa ƙatti ne, suna binne matattunsu cikin manyan tuluna, har yau ana nuna kayansu a ƙauyen Gawi kusa da Njamena. Wa ya rubuta mana abin da zai faru in tulu ɗaya ya buɗe da kansa?

Ni dai na tura wa 'yar maƙwabcin nawa 500 ɗina, na ƙara da na matata, wadda ta ƙwace wayar tun da hantsi. Na zauna da jan biro na gyara mata babi biyu a takarda, na kuma gaya mata gaskiya cewa sarkin 'yan ruwanta ya cika surutu, ta rage masa baki. Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta, amma ta karɓi takardar ta ninke ta sa a jaka.

In kun san wani yaro a Ngaundare ko Kusiri ko Njamena da ke irin wannan rubutu, ku ajiye mini sunan littafin a ƙasa. Sunan kawai, kar wanda ya turo mini littafin. Zan nemi mai shi da kaina.

Babi na goma, 'yar maƙwabcin nawa ta ce sai bayan jarrabawa. 'Yar masuntan tana can a kasuwar 'yan ruwa, saura mafarki ɗaya a hannunta, na mahaifiyarta.